Ƙarfe da 'Yan Gobe

Akwai wani mai walda a wani babban gareji da ke bakin titi, wanda kowa yake kira Ƙarfe. Wasu sun ce sana'arsa ce ta ja masa sunan, wasu kuma sun ce halinsa ne, domin in ya kafe a kan magana, ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya tankwaruwa. A wajen aiki ba shi da na biyu. In ya ɗinke maka ƙasan mota, sai dai motar ta mutu ta bar ɗinkin. Amma bakinsa ya fi wutar waldarsa zafi.

Shekara goma sha biyar Ƙarfe ya yi yana shan taba, kwali guda a rana. Wata safiya matarsa tana da tsohon ciki ta ɗauki rigarsa za ta wanke, warin ya tayar mata da zuciya har ta durƙusa tana amai a bakin famfo. Ya zaro kwalin daga aljihu, ya jefa a kwata, ya wuce aiki. Tun daga ranar bai ƙara sa kara a bakinsa ba.

Abin a yaba ne, kuma an yaba masa. Sai dai yabon ya shiga kansa ya yi gida. Ya ɗauka tunda shi ya daina a rana ɗaya, duk wanda ya kasa rago ne kawai. Babu wanda ke garejin da bai haddace labarin kwalin nan da kwata ba, don ko gaisuwa ka tsaya yi da shi sai ya san yadda ya sako shi.

A garejin akwai ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa yake kira Auta ko da yake har ya ajiye 'ya'ya uku. Fentin mota yake yi a wata rumfa ta kwano da ke can ƙarshen fili. Mutum ne mai sanyin hali, mai yawan murmushi, wanda ba ya iya haɗa ido da yayansa in ana magana. Shi ma yana shan taba, kuma a hannun Ƙarfe ya fara zuƙa tun suna samari. Wannan ɓangaren ne kaɗai Ƙarfe ba ya sakawa a labarinsa.

Akwai kuma wani dattijo mai facin taya a bakin ƙofar garejin, ana ce masa Baba Mai Faci. Shi da bakinsa yake faɗa cewa sau tara yana daina taba tana dawo da shi, sai a na goma Allah ya ba shi sa'a. Shi ya tara wasu mutum biyar masu son rabuwa da ita: mai wayarin da ke gyaran wutar mota, direban janwe mai jan motocin da suka lalace, mai gadi, da wasu makanikai biyu. Sun ciro kujerun wata matacciyar bas sun jera a inuwarta. Kullum lokacin hutun rana sai su zauna, kowa ya faɗi kwana nawa ya yi bai sha ba, suna tauna kanumfari. In kwaɗayinta ya taso wa mutum, sai ya kira ɗan'uwansa a waya ko ya je rumfarsa ya tsaya har abin ya lafa. Wanda ya faɗi kuma, ya zo ya faɗa da bakinsa, babu mai yi masa faɗa.

Ƙarfe ya raɗa musu suna 'Yan Gobe, wai kullum gobe za su daina. In ya zo wucewa da sandunan walda a hannu sai ya ce, “Sannunku da haƙuri, yau kwana nawa, ko an koma sifili?” Su dai sai su yi dariya su ce ya sa su a addu'a.

Wata rana wani mai mota ya ƙi karɓar aikin da Auta ya kwana huɗu yana yi, wai launin bai yi masa ba. Ya zage shi tas a gaban mutane, ya ja motarsa ya tafi. Jim kaɗan Ƙarfe ya zagaya bayan rumfar fenti neman wani guntun kwano, sai ya tarar da ƙaninsa a tsugune, karan taba a baki.

Da ma ya ji ƙishin-ƙishin cewa Auta ya fara zama da 'Yan Gobe, abin kuma yana ci masa rai. Sai ya kama wuyan rigarsa, ya ja shi har inuwar bas ɗin nan, inda mutanen suke zaune.

“Ga ɗalibinku na kawo muku,” in ji shi. “Abin da kuke koya masa ke nan? Ku taru kuna shafa wa juna mai a baki, ba mai zuciyar da zai ce ya bari ya bari.”

Baba Mai Faci ya miƙe ya ce ya sassauta, a zauna a yi magana. Ƙarfe ko kallonsa bai yi ba. Ya juya kan Auta, ya ce masa daga yau in ya sake ganinsa da taba, ko ya gan shi a zaman raggayen nan, to ya nemi wani yayan. Direbobi da masu jiran gyara duk sun tsaya suna kallo.

Auta ya sunkuyar da kai ya ce, “Na daina, Yaya.”

Abin bai tsaya nan ba. Ranar hutu da suka haɗu a ɗakin tsohuwarsu, Ƙarfe ya sake tayar da maganar a gaban matar Auta da 'ya'yansa, har ya kwaikwayi yadda ya same shi a tsugune. Yaran suka yi dariya don ba su san komai ba. Matar ta tashi ta fita kamar za ta ɗebo ruwa, ba ta dawo ba sai da za su tafi.

Daga ranar ba a ƙara ganin Auta da taba ba, ba a kuma ƙara ganinsa a inuwar bas ba. Ƙarfe ya samu sabon labari. Ya riƙa cewa abin da 'Yan Gobe suka kasa a wata da watanni, shi ya gama shi da tsawa ɗaya.

Sau ɗaya Baba Mai Faci ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, “Ɗana, ƙaninka bai daina ba. Ɓuya ka koya masa. Ka bar shi ya dawo cikinmu.”

Ƙarfe ya ce ya ji da tayoyinsa, shi ya san jininsa.

Shekara uku aka yi a haka. Auta ya fara wani tari mai kauri, in an tambaye shi sai ya ce tururin fenti ne. Wandonsa ya fara yi masa yawa, ya ƙara huda a bel. Ya daina cin abinci tare da mutane. Ƙarfe yana gani, amma iyakar abin da ya yi shi ne ya saya masa takunkumin rufe hanci mai kyau, ya yi masa faɗa a kan rashin sa shi.

Wata safiya da hantsi aka ji injin feshi yana ta huci ba ƙaƙƙautawa. Da aka leƙa rumfar, sai ga Auta a kwance gefen wata mota, fenti yana zuba a ƙasa, jini a gaban rigarsa. A motar janwe aka kai shi asibiti.

Bayan an ɗauki hoton ƙirji an yi gwaje-gwaje, likita ta tara su a wani ƙaramin ofis: Auta a keken marasa lafiya, matarsa a tsaye bayansa, Ƙarfe a kan kujera da kayan aiki a jikinsa. Ta tambaya ko majinyacin yana shan taba. Ƙarfe ya riga kowa amsawa, ya ce Auta ya daina shekara uku ke nan, shi da kansa ya raba shi da ita.

Can matar Auta ta ce a hankali, “Bai daina ba, Yaya.”

Likitar ta tambayi Auta tun yaushe yake ganin jini in ya yi tari. Ya ce ya kai wata goma. Ta ajiye biro ta tambaye shi me ya hana shi zuwa tun a lokacin. Ya ɗago kai ya dubi yayansa, ya sake sunkuyarwa.

Ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya yaɗu. Likitar ba ta ɓoye musu ba. Ta ce da an zo da wuri da akwai abin da za a gwada, yanzu kam sai dai a rage masa raɗaɗi.

Wata biyu Auta ya yi a gadon asibiti da robar iska a hanci. Ƙarfe yana zuwa kullum bayan an tashi daga aiki, ya zauna a bakin gado. Sau da yawa yakan tarar da ɗaya daga cikin 'Yan Gobe a wurin, don sun raba kwanakin a tsakaninsu. Yau mai wayarin yana yanke masa farce, gobe mai gadi yana ba shi labarin garejin har ya yi murmushi. In Ƙarfe ya shigo sai su gaishe shi da ladabi su ba shi wuri. Ko sau ɗaya babu wanda ya yi masa kallon zargi.

Wata la'asar suna su biyu, Auta ya jawo robar daga hancinsa ya ce, “Yaya, ka yafe mini ƙaryar da na yi maka. Sau da yawa nakan zo bakin rumfarka da niyyar in faɗa maka na kasa. In na ga fuskarka sai in ce aron guduma na zo.”

Ƙarfe ya san shi ya kamata ya nemi gafara, kalmar tana kan harshensa, amma bai taɓa furta irinta ga na ƙasa da shi ba. Sai ya mayar masa da robar ya ce, “Yi shiru ka huta, ma yi maganar in ka warke.”

Ba su yi ta ba. Bayan kwana huɗu, Ƙarfe yana tsakiyar ɗinke wata salansa, wayarsa ta yi ƙara. Auta ya cika.

Ƙarfe bai yi kuka a maƙabarta ba, bai yi a gida ba. Mutane suna ta cewa ai namiji ke nan. Bayan mako biyu mai garejin ya ce a kwashe kayan mamacin don wani zai karɓi rumfar. Ƙarfe ya ce shi zai yi da hannunsa.

Yana sauke gwangwanayen fenti daga kan kanta, sai ya ji wasu ba nauyi. Ya buɗe ɗaya, cike yake da guntayen taba. Ya buɗe na biyu, haka. Har guda bakwai, duk an rufe su ruf an jera a bayan na kirki, yadda ko wari ba zai fita ba. A cikin na ƙarshe akwai kwali da saura kara shida da ashana.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana juya kwalin a hannu. Shi kansa bai san lokacin da ya ƙyasta ashanar ba. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da ita, amma hayaƙin ya shiga ƙirjinsa kamar jiya suka rabu. Kafin ya bar rumfar ya shanye uku.

Washegari ya ce aikin baƙin ciki ne, ya wuce. Ya sayi kwali a hanya don kawai ya jefar, ya nuna wa kansa har yanzu shi ne. Ya jefa a kwata kamar wancan karon. Kafin azahar yana gaban mai shago yana sayen wani. Sau uku yana yin haka, sau uku yana komawa.

Nan ya fara koyon sana'ar da ya koya wa ƙaninsa. Ya gano wata matacciyar motar kaya a bayan fili, yakan shige cikinta ya ja ƙofa. In ya fito ya wanke hannu da fetur, ya cika baki da alawa mai yaji. In ya koma gida sai ya cire rigar a ƙofa ya ce ta yi baƙin mai. In matarsa ta dube shi da kyau sai ya tayar da faɗa a kan wani abu daban. Kowace dabara ya yi, sai ya tuna ya taɓa ganin Auta yana yin irinta, shi kuma bai gane ba.

Ga shi babu wanda zai faɗa wa. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana kiran mutane raggaye, da wane baki zai ce ya faɗi? Aikinsa ma ya fara nunawa. Karo na farko a tarihin garejin, aka dawo masa da ƙofar mota ɗinkin ya tsage.

Wata rana da hutun rana yana cikin motar kayan, hayaƙi ya cika ta, sai ƙofar ta buɗe. Baba Mai Faci ne. Ƙarfe ya yi saurin ɓoye hannunsa a baya, tabar tana ƙona masa yatsa. Ya jira abin da ya san ya cancanta.

Dattijon ya hau da ƙyar yana dafa gwiwa, ya zauna a gefensa ya ce, “Fito da ita kar ka ƙone. Ƙarasa abinka, ina jira.”

Ƙarfe ya yar da ita ya take. Ya ce, “Baba, faɗi abin da ka zo faɗa. Na san kun daɗe kuna jiran wannan rana.”

Baba ya ce babu wanda ya jira ta. Ya ce yau kwana ashirin ke nan da suka sani, don hayaƙi ba ya ɓuya a motar da ba gilashi. Sun yi shawara a bar shi ko zai zo da ƙafarsa, da suka ga ba zai zo ba shi ne ya biyo shi. “Sau ɗaya na yi maka magana a kan ƙaninka, daga nan muka yi shiru don muna jin nauyinka, ga inda shirun ya kai mu. Ba za mu sake ba.”

Sai Ƙarfe ya tambaye shi abin da ya daɗe yana ci masa zuciya, ko Auta ya taɓa yin ko kwana biyu bai sha ba lokacin da yake zama da su.

“Kwana ashirin da shida ya yi,” in ji Baba. “Ranar da ka kama shi ita ce faɗuwarsa ta farko. Ya roƙe mu kada mu gaya maka, wai yana so ya cika talatin ya zo ya faɗa maka da bakinsa, ko ka ce masa sannu.”

Kukan da Ƙarfe bai yi a maƙabarta ba, a cikin motar nan ya yi shi. Dattijon bai ba shi haƙuri ba, bai ce ba laifinsa ba ne. Ya dai zauna har ya gama, sannan ya ce su je, mutane suna jira.

Da suka iso inuwar bas, mai gadi ya matsa ya ba shi wuri. Aka zagayo, kowa ya faɗi kwanakinsa. Da aka zo kansa sai ya ce ba shi da ko ɗaya. Direban janwe ya miƙo masa kanumfari ya ce kowa a nan daga babu ya fara, ya karɓi wayarsa ya sa masa lambarsa.

Ba a rana ɗaya ya daina ba wannan karon. Ya yi kwana tara ya faɗi. Ya yi sha shida ya sake faɗi. Duk lokacin da ya zo ya faɗa, gumi yana keto masa, sai su tambaye shi me ya faru ranar, da wa ya yi faɗa, a ina ya saya. Akwai ranar da ya kira direban janwe yana tsaye a gaban shago, mutumin ya ajiye motarsa a gefen titi ya yi ta jansa da hira har ya bar wurin. Ƙarfe ya kuma zaunar da matarsa ya gaya mata gaskiya. Ta ce tun makon farko ta sani, tsoron bakinsa ne ya hana ta magana.

Da ya cika kwana arba'in bai sha ba, ya shirya ya tafi gidan Auta. Matar tana zaune a ƙofar ɗaki tana ninke kayan makarantar yara. Ya tsuguna nesa kaɗan, abin da bai taɓa yi a gabanta ba. Ya gaya mata komai, har da gwangwanayen, har da komawarsa ga taba. Ya ce ya zo neman gafarar da ya kasa nema a wurin mijinta.

Ta yi ta shafa wata ƙaramar riga a cinyarta. Sannan ta ce, “Na riga na san mutum ba ya wuce lokacinsa, Yaya. Amma shekara uku ya yi yana ciwo shi kaɗai a cikin mutane, wannan kam ba zan ce na manta ba.”

Ya ce ta yi gaskiya.

Ta ce, “Na yafe maka. Abu ɗaya nake roƙo. Yaran nan kai kaɗai ka rage musu. Kada ka bari su yi maraici sau biyu.”

Ƙarfe ya ce in Allah ya yarda. Ya tashi ya fito. Da ya kai bakin titi kwaɗayin ya taso masa da ƙarfi fiye da kowane lokaci, ga shago a tsallake yana kallonsa. Ya ciro waya ya kira Baba Mai Faci ya ce, “Baba, ina cikin wani hali.”

Dattijon ya ce, “Tsaya inda kake, ga ni nan zuwa.”

Darasi: Wanda yake kokawa da taba ya riga ya san illarta, ba gori yake buƙata ba, abokin tafiya yake nema. Tsawa da tozarci ba sa raba mutum da ita, sai dai su koya masa ɓuya, ɓuya kuma ita ke kai ciwo inda magani ba ya isa. In Allah ya ba ka ikon dainawa, ka gode masa ka miƙa wa na baya hannu, don wanda yake tsaye yau bai san me gobe za ta zo da shi ba. In kuma kai ne ka faɗi, kada kunya ta rufe maka baki: ka nemi mutanen da za ka iya gaya wa gaskiya, tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma a kai shi asibiti da wuri. 'Yan'uwa, ku tura wannan ga duk mai ɗan'uwa ko aboki da ke wannan fama, wataƙila sannu ɗaya yake jira daga bakinku.